GA AIKI, GA KARATU: YADDA MALAMAN RAWA KE NEMAN DIGIRI DAGA BAKIN SANA'ARSU

Duk wanda ya baro gida ya zo Kurmi neman abinci ya san abu biyu ne ba su cika haɗuwa a hannun mutum ɗaya ba, watau aiki da karatu. In ka kama aiki sai lokaci ya gagare ka, in kuwa ka ajiye aikin ka koma makaranta sai a rasa abin ɗorawa a murhu. Wannan matsala ba ta bar direba ba, ba ta bar akawu ko maigadi ko ɗan tireda ba, tun daga Agege har unguwar Sabo ta Badun, daga Shagamu har Fatakwal. Amma akwai wasu masu sana'a da abin ya fi matsa wa, waɗanda ba a cika tunawa da su ba idan ana zancen ilmi. Su ne masu koyar da rawa.

Wataƙila mai karatu ya yi dariya ya ce, rawa kuma har da digiri? Ba laifinsa ba ne in ya faɗi haka, domin a ƙasar Hausa an ɗauki kiɗa da rawa sana'ar gado ce ko kuwa wasan ƙuruciya, a dandali da gidan biki ake koyonsu. To amma wanda ya zauna a Ikko ko Badun ya ga yadda makarantu ke ɗauko malami musamman don ya koya wa yara rawar gargajiya, ya ga ƙungiyoyin raye-raye na jihohi masu cin albashin gwamnati, ya kuma san jami'o'in ƙasar nan da dama suna da sashen wasan kwaikwayo inda ake karanta rawa kamar yadda ake karanta tarihi. A nan za mu duba wata hanya da aka ɓullo da ita a Ingila wadda mai koyar da rawa ke samun digiri ba tare da ya bar ajinsa ba, da irin wahalar da ke cikinta, da kuma abin da mu mazauna Kurmi za mu tsinta a ciki ko da sana'armu ba rawa ba ce.

ME YA KAI SU NEMAN TAKARDA?

Rawa sana'ar jiki ce, jiki kuwa ba ya daɗewa yana bin umurni. Galibin masu rawar bale ta Turawa, wadda ake fara koyo tun ana yara ƙanana, sukan sauka daga dandamali kafin su cika shekara 40, wasu ma tun da sauran ƙuruciyarsu saboda ciwon gwiwa ko na idon sawu ko na baya. Abin ya dami mutanen Ingila har aka kafa wani asusu a 1973 don taimakon 'yan rawa su koyi wata sana'a idan lokacin sauka ya yi. Da yawa daga cikinsu koyarwa suke komawa, tun da ita ce ta fi kusa da abin da suka iya.

A nan ne fa ake cin karo da shinge. Mutum ya yi shekara 15 yana rawa a gaban dubban jama'a, ya san abin da bai rubutu a kowane littafi ba, amma ranar da ya nemi cikakkiyar shaidar malanta irin ta makarantun gwamnatin Ingila sai a ce ina digirinsa. Takardar da ya fito da ita daga makarantar horon 'yan rawa sau da yawa difloma ce. Tana isarsa ya buɗe ajinsa na kansa ko ya yi koyarwar sa'a-sa'a, amma ba ta kai shi ga albashi mai tsani da fansho.

Haka abin yake a nan gida. Manufar ilmi ta ƙasa ta ce takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar da za a koyar da ita, matakin albashi kuwa takarda yake bi. Manhajar ilmin bai-ɗaya ta shekara tara da aka fara aiki da ita a 2008 ta haɗa zane da kiɗa da rawa da wasan kwaikwayo cikin darasi guda, saboda haka ana bukatar masu koyarwa. Amma gwanin da ya fi kowa iya rawar, in ba shi da takarda, sai a riƙa kiransa ranar bikin al'adu kaɗai, a sallame shi da 'yan kuɗi, a jira wata shekara.

DIGIRIN BAKIN AIKI

Jami'ar Middlesex da ke arewacin birnin Landan tana cikin waɗanda suka fara ɗaukar wannan matsala da muhimmanci. Tun a farkon shekarun 1990 ta soma tsara karatun da ake yi a bakin aiki, har ta samu lambar yabo ta Sarauniyar Ingila a kan haka a 1996. Daga baya ta tsara wani kwas musamman don 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa waɗanda suka riga suka kama sana'a.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan shi ne karatun gida irin na wasiƙa da muka sani, ko irin na Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila da aka kafa a 1969. A wancan, jami'a ce ke aiko maka da littattafanta, ka karanta bayan ka tashi daga aiki, ko da abin da ke ciki bai shafi aikinka ba. A wannan kuwa aikin da kake yi shi ne manhajar. Ajin da malamar rawa ke koyarwa da yamma shi ne ɗakin gwaje-gwajenta, ɗalibanta da abokan aikinta su ne mutanen da za ta yi nazari a kansu.

Tsarin ya tsaya a kan duwatsu uku kamar murhu. Na farko, jami'a tana auna ilmin da mutum ya zo da shi. A Ingila ana lissafta digiri da maki 360, watau 120 a kowace shekara ta karatu. Ɗalibi zai kawo diflomarsa, ko ya haɗa kundin shaida na abin da ya koya a wajen aiki: wasannin da ya fito a ciki, azuzuwan da ya koyar, takardun shaida daga waɗanda suka ɗauke shi aiki. In an gamsu, sai a yafe masa shekara biyu, ya rage saura maki 120 na shekarar ƙarshe. Abin lura a nan, yawan shekarun da mutum ya yi yana aiki ba su ake ba maki ba. Sai ya bayyana a rubuce abin da shekarun suka koya masa, da hujja.

Na biyu, ɗalibi da malamin da ke duba aikinsa sukan yi yarjejeniya a kan abin da zai koya da lokacin da zai gama. Na uku, shi ne binciken da zai gudanar a wajen aikinsa. A kwas ɗin 'yan rawa an kasa karatun kashi uku: a na farko mutum ya waiwayi sana'arsa ya koyi rubuta abin da yake gani kullum, a na biyu ya tsara binciken ya nemi izni, a na uku ya gudanar da shi, ya rubuta rahoto, ya haɗa wani abu da abokan sana'arsa za su amfana da shi kamar ɗan littafin jagora ko faifan bidiyo, sa'an nan ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa da baki. Ɗaliban ba su zama a aji ɗaya. Wata tana koyar da yara a wani ƙauyen Ingila, wani yana rawa cikin jirgin ruwan 'yan yawon shaƙatawa, ta intanet suke saduwa da malamansu.

LISSAFIN LOKACI

Daga nesa abin kamar sauƙi. To bari mu yi lissafi. A tsarin Ingila kowane maki ɗaya daidai yake da sa'a 10 ta karatu, watau maki 120 sa'a 1,200 ke nan. In mutum ya raba su cikin mako 60, kowane mako yana bukatar sa'a 20, kusan sa'a uku ke nan kullum har da ranar hutu. Gaskiya ne wasu daga cikin sa'o'in nan a cikin aji ake cin su, lokacin da malami ke lura da ɗalibansa don bincike. Amma karatun littattafai da rubutu sai an zauna.

Malamin rawa kuwa yana da wahalar da ta fi ta akawu. Akawu yakan tashi ƙarfe huɗu ko biyar, dare nasa ne. Malamin rawa lokacin ne yake fara aiki, domin sai yara sun taso daga makaranta suke zuwa wurinsa, ranar Asabar kuma ita ce babbar kasuwarsa. Da yawansu da sa'a ake biyansu, saboda haka duk ajin da aka soke don a zauna rubutu, kuɗin cefane ne aka soke. Ga kuma gajiyar jiki: wanda ya yi sa'a huɗu yana tsalle yana nuna taku, in ya buɗe littafi barci ne zai fara karanta shi. Wani abin kuma, lokacin da jami'a ke karɓar aikin ɗalibai yakan zo daidai da ƙarshen zangon makarantu, lokacin da ake shirya wasan nuna wa iyaye, ana ɗinkin kaya ana bita dare da rana.

Dabarun da ke fitar da mutum daga wannan ba su da wuyar faɗi. Tun ranar farko a ɗauko kalanda a rubuta ranakun miƙa aiki da ranakun wasanni, a ga inda suka yi karo, a fara rubutu da wuri a wannan wajen. A gaya wa mai makaranta gaskiya cewa ana karatu, tun kafin a zo neman alfarma. A riƙe ɗan littafi cikin jakar kayan rawa, da an tashi aji a yi minti goma ana rubuta abin da ya faru tun bai bi iska ba. A karanta da sassafe kafin jiki ya gaji. Mafi muhimmanci, a zaɓi binciken da za a iya yi cikin ajin da ake koyarwa, don a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Wanda ya zaɓi batun da zai kai shi wani gari, ya ɗauko wa kansa aiki na uku.

Mazaunin Ikko sai ya ƙara da nasa lissafin: gosulo, ɗauke wuta, da kuɗin data. Mai wayo yakan mai da zaman mota lokacin sauraron darasi ko na hirar da ya ɗauka a waya.

KOYON BINCIKE

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba 'yan rawa tsoro, shi ne kuma ya fi yi musu amfani. Ɗan rawa ya saba da a nuna masa ya kwaikwaya, a gyara masa ya yi shiru. Bincike kuwa yana so ya tambayi dalili, har dalilin abin da malaminsa ya koya masa.

Tushen wannan hanya yana cikin aikin wasu malaman Amurka biyu. Donald Schön ya nuna a 1983 cewa ƙwararren mai sana'a yana da ilmi a hannunsa wanda ya fi abin da bakinsa ke iya faɗi, kuma yana tunani iri biyu: wanda yake yi yana tsakar aiki, da wanda yake yi bayan ya gama. David Kolb kuma a 1984 ya tsara matakai huɗu da mutum ke bi ya koyi abu daga aikinsa: ya yi, ya waiwaya ya duba, ya fitar da ƙa'ida, ya gwada ta a karo na gaba. Duk makaɗin kirki yana yin haka in ya ga fili ya yi sanyi ya canja kiɗa. Abin da jami'a ta ƙara shi ne a rubuta, a kawo shaida, a bar wani ya duba.

Bari mu kawo misali da abin da muka sani. A ce wata malama tana koya wa yaran unguwarmu rawar gargajiya don bikin makaranta. Yaran a Kurmi aka haife su, suna jin Hausa da Yarabanci da Ingilishi, amma ba su tashi a dandali ba, ba su jin abin da kalangu ke faɗi. Ta lura in ta ƙirga musu taku, ɗaya, biyu, uku, huɗu, suna saurin kamawa amma rawar takan fito a sandare. In kuwa ta yi musu kiɗan da baki, sukan daɗe ba su kama ba, amma ranar da suka kama jikinsu yakan saki. Wannan lura ce kawai, ba ta zama bincike ba tukuna.

Mataki na farko shi ne ta matse tambayarta. In ta ce za ta binciki raye-rayen Hausa, shekara goma ba ta isa ba. In ta ce za ta duba bambancin koyarwa da ƙirga da koyarwa da kiɗan baki ga yara 'yan shekara takwas zuwa goma a ajinta cikin zango ɗaya, wannan tambaya ce mai iyaka, ana iya amsa ta.

Na biyu, ta karanta abin da wasu suka rubuta a kan koyar da yara rawa da kiɗa, don kada ta sha wahalar haƙa rijiya a bakin kogi. A nan za ta koyi bambanta maganar da ke da hujja da wadda ra'ayi ce kawai, ta kuma koyi faɗin inda ta ɗauko kowace magana. Kwafe aikin wani ba tare da ambatonsa ba sata ce a wurin jami'a, tana iya jawo kora.

Na uku, ta tattara shaida ta hanya fiye da ɗaya. Ga littafinta na kullum. Ga hoton bidiyo na ajin a makon farko da na ƙarshe. Ga hira da makaɗin da ke yi musu kiɗa, da wasu malaman rawa biyu ko uku. Shaida ɗaya ba ta yanke hukunci, amma in uku suka haɗu a kan magana, ta yi ƙarfi. In kuma suka saɓa, dole ta faɗi haka, ko da sakamakon ya rushe abin da take so ya zama gaskiya.

Na huɗu, kuma a nan jami'o'i ba su sassauci, shi ne amanar mutanen da ake bincike a kansu. Ba a ɗaukar hoton yaro sai da iznin iyayensa a rubuce. Ba a sa sunansa cikin rahoto. Wanda ya ce ya fasa, a cire shi ba tare da an canja masa fuska a aji ba. Wajibi ne kuma malama ta tuna cewa ita ce mai iko a ajin: in ta tambayi yara wace hanya suka fi so, abin da suke tsammani tana son ji za su faɗa. Haka in binciken ya nuna tsarin makarantar ne ke da gyara, sai ta nemi yadda za ta faɗi gaskiya ga wanda ke biyanta albashi. Wannan ita ce matsalar mai bincike a cikin gidansa: ya san lungu da saƙo, amma sabo yakan rufe masa ido.

In binciken ya kai ta wurin dattawan makaɗa, akwai ladabin da ba jami'a ce za ta koya mata ba. A je da sallama da goro, a faɗi abin da za a yi da maganar, a ambaci mai ilmin in yana so a ambace shi, abin da ya ce ba na ɗauka ba ne a kashe na'ura. Ilminsu gadonsu ne, da shi suke ci.

Akwai kuma rubuta rawar kanta. Wani Bature mai suna Rudolf Laban ya fito da hanyar rubuta motsin jiki a 1928, ana karanta ta daga ƙasa zuwa sama, layin tsakiya ya raba dama da hagun jiki. Rudolf Benesh da matarsa Joan suka fito da tasu a Ingila a 1955. Wayar hannu ta rage wannan wahala, amma bidiyo abin da ido ya gani kaɗai yake nunawa. Sunan takun, da lokacin da ake yinsa, da wanda ya cancanci ya yi shi, sai an tambaya an rubuta.

MATA BIYU, HANYA BIYU

Tun kafin jami'o'i su tsara irin wannan kwas, wasu sun bi hanyar da ƙafarsu. Pearl Primus an haife ta a tsibirin Tirinidad a 1919, ta tashi a birnin Niyok, ta samu digiri a ilmin halittu a 1940 da niyyar zama likita. Wariyar launin fata ta hana ta aiki a ɗakin gwaje-gwaje, neman abin yi ya kai ta ga rawa. Rawar Afirka ta farko da ta nuna a 1943 sai da ta yi watanni tana bin littattafai da hotuna da gidajen tarihi kafin ta tsara ta. A 1948 ta samu tallafin asusun Rosenwald ta zo Afirka, ta fi shekara tana zama cikin mutane tana koyon raye-rayensu a ƙasashe da dama har da Nijeriya. Sarkin Ife ya raɗa mata suna Omowale, watau 'ya ta dawo gida.

Daga nan ta ci gaba da abu uku a lokaci ɗaya: tana rawa, tana koyarwa, tana karatu. Ta yi aiki a Laberiya tana shugabantar wata cibiyar wasanni a Monrobiya daga 1959, ta buɗe makarantar rawa da mijinta Percival Borde a Niyok, amma digirinta na dakta a ilmin nazarin al'adun bil'adama bai zo hannu ba sai 1978 daga Jami'ar Niyok, tana da shekara kusan 60. Shekara 38 ke nan tsakanin digirin farko da na ƙarshe. Shugaban Amurka ya ba ta lambar girma ta fasaha a 1991, ta rasu a 1994.

Katherine Dunham kuwa, wadda aka haifa a 1909, tana koyar da rawa a Shikago lokacin da take karatu a jami'ar birnin. A 1935 da 1936 ta yi bincike a Jamaika da Haiti da wasu tsibiran yankin, ta samu digirinta na farko a 1936. Da ta ga ba za ta iya riƙe dandamali da babban karatun jami'a gaba ɗaya ba, sai ta zaɓi dandamali. Amma binciken bai tafi a banza ba, domin daga cikinsa ta gina salon koyarwar da har yanzu ake kira da sunanta, ta kuma rubuta littattafai. Ta rasu a 2006. Ɗaya ta yi haƙuri ta kai ƙarshe a hankali, ɗaya ta ajiye kaya guda don ta iya ɗaukar ɗayan. Duk wanda ya shiga wannan hanya sai ya fuskanci irin wannan zaɓi.

A NAN GIDA FA?

Haɗa rawa da bincike ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma. A Gana an kafa ƙungiyar raye-raye ta ƙasa a 1962 a ƙarƙashin Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon, inda Farfesa Kwabena Nketia da Mawere Opoku suka riƙa koyo daga gwanayen karkara, har da rawar takai ta Dagomba. A Badun an buɗe makarantar wasan kwaikwayo ta jami'a a farkon shekarun 1960. Peggy Harper, 'yar asalin Afirka ta Kudu, ta koyar da rawa a can kafin ta koma Jami'ar Ife, kuma tare da mai ɗaukar silima Frank Speed ta ɗauki rawar matan Tibi da ta mutanen Miango a kusa da Jos. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta kafa Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya a farkon shekarun 1970. Waɗanda suka ga bikin FESTAC a Ikko a 1977 ba su manta da yawan raye-rayen da ƙasar nan ta baje ba. Tambayar ita ce, nawa ne daga cikin gwanayen da suka taka rawa a lokacin aka rubuta iliminsu kafin su tafi da shi?

Hanyoyin karatu ba tare da barin aiki ba kuwa muna da su. Jami'ar Ikko ta fara karatun wasiƙa tun a shekarun 1970, wanda ya zama cibiyarta ta karatu daga nesa. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, don malaman da ke bakin aiki aka yi ta. Jami'o'i da kwalejojin ilmi da dama suna da kwas na lokacin dogon hutu. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002 zamanin Shugaba Obasanjo. Daga 2016 zuwa 2021 Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ne ya shugabance ta, mutumin da ya yi suna wajen nazarin finafinai da waƙoƙin Hausa, abubuwan da wasu ke ganin ba su kai a yi bincike a kansu ba. Hukumar ilmin fasaha NBTE da ke Kaduna ma tana da tsarin gwada mai sana'a a ba shi takardar shaida bisa abin da ya iya.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa masu koyar da rawa da kiɗa a makarantu da ƙungiyoyinmu na Kurmi, da ma sauran masu sana'a, su fara da abin da ba ya cin kuɗi. A ajiye kowace takardar shaida da kowane hoton aiki a wuri ɗaya. A sayi littafi a riƙa rubuta abin da aiki ya koyar kowace rana. Kafin a biya kuɗin kowane kwas a tabbata Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ko hukumar da abin ya shafa ta amince da shi, domin masu sayar da takardar bogi ba su ƙare ba. Muna kuma kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyi da masu makarantu a unguwanninmu su sassauta wa malamin da ya shiga karatu, su ba shi ranakun jarrabawa, su buɗe masa ƙofa in ya zo neman hira da dattawa. Yaranmu da aka haifa a nan, abin da waɗannan malamai suka koya musu shi ne za su sani na gida.